Nomau Dillalin Jakai da Motar da Ba Ta Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka cika mini tabarma.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku natsu. Kai Ɗanliti, sauke ƙafarka daga kan ƙanwarka, ko in naɗe tatsuniyata in shige ɗaki.

Wani mutum ne wai shi Nomau, dillalin jakai, a wani ƙauye da ake kira Bakin Yashi. In dai jaki ne, Nomau ba ya ruwan ido. Ya buɗe baki ya ga haƙori, ya saurari kuka, ya duba kashi, shi ke nan ya san na saye, ya san na bari.

Matarsa sunanta Lanti. Haihuwarta ta fari ta zo da gardama. Aka ɗora ta a amalanke za a kai ta asibitin birni, kafin a gama ƙetare yashin rafi ɗan ya koma. Nomau ya yi kuka kamar ba namiji ba. Da Lanti ta sake samun ciki, sai ya ce, "Wannan karon, in Allah ya yarda, ranar da naƙuda ta zo akwai mota a ƙofar gidan nan."

Ana nan, sai labari ya zo cewa an kawo wasu ƙananan motoci birni masu cin lantarki. Ba ruwansu da fetur. A jona su da farantan hasken rana irin na famfon ƙauyen, su sha su ƙoshi. Sai Nomau ya tattara jakansa ya sayar, har na hawansa bai bari ba. Guntun igiyar dabaibayi kaɗai ya rage masa, ya cusa a aljihu ya kama hanya a ƙafa.

Ya isa birni ya tarar da mai shagon motocin, wani siriri mai suna Korau. Ga motoci uku a jere: fara, ja, da koriya.

Nomau ya zagaya su, ya sake zagayawa. Ya ce, "Tayar da wannan in ji kukanta."

Korau ya ce, "Ai a tashe take, Malam."

"A tashe? Ni ban ji komai ba."

"Ba ta kuka."

Sai Nomau ya durƙusa ta baya yana leƙe. "To ina hayaƙin?"

"Ba ta hayaƙi."

"Buɗe mini bakinta."

Korau ya ɗaga murfin gaba. Nomau ya leƙa, bai ga abin da ya sani ba, sai wani baƙin akwati da wayoyi. Ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ba ta kuka, ba ta kashi, ba ta da haƙori. To ta ina ake gane lafiyarta?"

Korau ya yi dariya ya ce, "Saurara. Farar nan gudu gare ta, amma tana saurin jin yunwa. Jar nan dogon numfashi gare ta, ta yi nisa ba ta gaji ba, sai dai cikinta kusa da ƙasa yake. Koriyar nan dogayen ƙafafu gare ta, tana taka yashi, amma ba ta sauri. Waɗannan ukun na gani ne, na sayarwa suna zuwa kaɗan-kaɗan a kan tirela. Ka ga igiyoyi ukun can a jikin bango? Kowace mota da tata. Wadda kake so, ka ɗaura alamarka a igiyarta. Na sama shi ke fara samu. Amma fa in ka kwance, ka koma ƙasa."

Nomau ya dubi ƙafafun koriyar ya ce, "Jaki dai da ƙafa ake sayensa." Sai ya ciro guntun dabaibayinsa ya ɗaura a igiyar koriya, can sama, babu kowa a gabansa. Yana juyowa sai ga wata dattijuwa, Inna Hansatu mai man gyaɗa, daga ƙauyen da ke gaba da nasu. Ko zagaya motocin ba ta yi ba. Ta yagi bakin tsohon ɗankwalinta ta ɗaura a ƙarƙashin nasa, ta ce ta bar ƙuli-ƙuli a kan wuta, ta yi gaba.

Nomau ya koma gida da murna. Washegari ya je aski wurin Cindo wanzami, ya ba shi labari. Sai Cindo ya ɗage aska ya ce, "Koriya? Haba Nomau! Mai naƙuda za ka ɗauka ko buhun gero? Kafin wannan hawainiyar ta kai birni ai an yi suna. Fara ita ce mota."

Gaban Nomau ya faɗi. Ya ce a ransa, gaskiya ne fa, wancan karon ma rashin sauri ne ya cuce mu. Da rabin aski ya tashi, sai birni.

Korau ya ce, "Malam, kai ne na sama fa."

"Na sani. Fara nake so."

"In ka kwance, dattijuwar nan ta hau wurinka."

"Ta hau."

Sai ya kwance, ya je igiyar fara. Alamu sun cika ta kamar shanya. Ya ɗaura a ƙasa ya dawo gida.

Lanti ta ce, "Maigida, yaushe motar za ta zo?"

Ya ce, "Tana hanya."

Cikin Lanti yana ta girma. Ran kasuwa Nomau ya je sayo mata hanta wurin Jatau mahauci, ya ba shi labari. Sai Jatau ya kafa wuƙa a kan katako ya ce, "Fara? Sannu! In yunwa ta kama ta a tsakiyar daji, da me za ka ba ta? Da ciyawa? Gudu ba shi ne isa ba. Ja ita ce mota."

Gumi ya karyo wa Nomau. Ya ce a ransa, wannan ma gaskiya ce. To in wannan gaskiya ce, ta Cindo mece ce? Ya bar hantar a nan, sai birni.

Korau ya ce, "Kai ne kuma?"

"Ni ne. Ja nake so."

"Malam, saura kaɗan a kawo kanka a fara."

"Ja nake so." Ya kwance, ya tsaya da dabaibayi a hannu. Ya dubi ja, ya dubi fara, ya waiwayi koriya. Sai ya ce, "To in na tsinka igiyar nan uku, in ɗaura a kowace fa?"

Korau ya ce, "Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Mutum ɗaya, igiya ɗaya."

Sai ya ɗaura a ƙasan ja, ya dawo gida kansa na juyawa.

Lanti ta ce, "Maigida, motar fa?"

Ya ce, "Tana hanya."

Ta ce, "Hanyar nan da tsawo take."

Ku ji fa abin haushi. Da yamma Nomau ya je gindin ceɗiya inda maza ke hira, ya tarar da Cindo da Jatau suna ta musu. Ashe sun yi musanye! Cindo yana cewa ya yi tunani, ja ta fi. Jatau yana rantsuwa ai shi tun farko fara ya ce. Wani da ke gefe ya ce duk ba su san mota ba, ja cikinta a ƙasa yake, yashin rafi zai riƙe ta kamar tarko. Wani ya ce ya ji ana cewa za a kawo shuɗiya wadda ta fi su duka. Kuma duk cikinsu, 'ya'yan nan, babu wanda ya taɓa shiga ko ɗaya.

Nomau ya ce, "Cindo, ba kai ka ce fara ba?"

"Ni? Yaushe?"

"Jatau, ba kai ka ce ja ba?"

"Ka dai ji da kyau?"

Nomau ya shiga gida yana haɗa hanya. Lanti tana zaune ta dafa ƙugu. Ta ce, "Cikin nan ya sauka, Maigida. Wacce ka kama ne a ƙarshe?"

Ya buɗe baki, wallahi ya rasa. Ja ce? Fara ce? Shi kansa ya manta inda dabaibayinsa yake. Tsoro ya kama shi, kunya ta rufe shi.

Gari na wayewa ya fice ba tare da ya gaya mata ba, wai zai je birni ya gyara. Me zai gyara? Oho, shi ma bai sani ba. Ya kai tsakiyar yashin rafi, daidai inda amalanke ta tsaya da su wancan karon, sai ya tsaya cak. Ya zauna. Ya ja layi uku a yashi. Ya share na farko, ya mayar. Ya share na biyu, ya mayar. Yana ta surutu shi kaɗai: "Gudu. Numfashi. Ƙafa. Ƙafa. Gudu."

Bai ji komai ba. Sai kawai ya ga inuwa ta rufe layukansa. Ya ɗaga kai, ga koriyar mota tsaye a kansa, dogayen ƙafafunta a cikin yashi, Inna Hansatu riƙe da sitiyari.

Ta ce, "Kai ɗan nan, tashi daga hanya! Na shiga ƙauyenku tallan mai na tarar da mata suna salati, wai mai naƙuda babu abin ɗauka, mijin kuma ba a san inda ya yi ba."

Nomau ya leƙa kujerar baya. Ga Lanti kwance a jikin ungozoma, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ta buɗe ido ta dube shi, ta dubi layukan da ya ja a yashi. Da ƙyar ta ce, "Maigida, ka gama zaɓen?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Hawaye ne kawai suka zubo masa.

Inna Hansatu ta ce, "Kukan ka yi shi a hanya. Babu wuri a ciki, hau baya ka riƙe mini jarkoki."

Sai ya hau baya ya rungume jarkokin man gyaɗa. Motar ta taka yashi a hankali, a hankali, ba kuka ba hayaƙi, har ta haye. Nomau ya leƙo ya ce, "Inna, ta yaya kika gane wannan ce ta fi?"

Ta ce, "Wa ya ce maka na gane? Na ga mai sanin jakai ya duba ƙafa ya ɗaura, ni ma na ɗaura na tafi suyata. Wannan ai taka ce, kai ka bar mini."

Suka isa asibiti. Kafin la'asar Lanti ta sauka lafiya, 'ya mace, mai kuka kamar ta tsaga rufi. Nomau ya ji kukan nan daga waje ya ce, "Alhamdu lillahi, wannan kam na gane lafiyarta."

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Hansatu. Cindo ya zo yi mata askin suna, yana cikin yi sai ya ce, "Nomau, ni fa da ni ne kai, shuɗiyar nan da ake cewa..." Nomau ya toshe kunnuwansa da yatsu ya fice, bai tsaya ba sai shagon Korau. Ya nemo dabaibayinsa, ashe a igiyar ja yake. Ya kwance shi ya kai ƙasan koriya, ya yi masa ƙullin da ko shi kansa ba ya iya kwancewa. Motar ba ta iso kansa ba sai da Hansatu ƙarama ta fara tafiya, yarinyar ce ma ta tako da ƙafarta ta tarye ta a ƙofar gida.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma ya kama raminsa tun da wuri. In kun duba abu da idonku kun kama, ku riƙe shi. Bakin mutane ba ya kai kowa asibiti. Ɗanliti, ɗauki ƙanwarka, ta yi barci.