Malamin da ya kasa yin shiru

Akwai wata dattijuwa wadda ta buɗe ƙaramar makaranta a bayan gidanta. Ta karɓi yara ashirin da huɗu, ta kuma ɗauki wani malami domin ya koya musu karatu. Doka ɗaya ta kafa masa: banda karatun aji, kowane yaro zai sami minti goma sha biyar a mako, daga shi sai malam, a kan benci a bakin ƙofa. Ta ce masa, "Malam, a cikin aji muryar taro kake ji. A kan bencin nan nake so ka ji muryar yaro."

Ya amsa, "To, Mama," amma a ransa yana ganin ɓata lokaci ne. Gama ya saba ya karanta layi ɗaya, yara duka su amsa da ƙarfi, shi kuwa ya ji daɗi.

Cikin yaran akwai wata yarinya mai suna Keziya, 'yar shekara takwas. Abin da ta ji sau biyu takan riƙe shi, amma ba ta iya bambanta harafi da harafi ba. Ran Talata ne zamanta da malam. Yakan buɗe littafi, ya ɗora yatsa, ya ce, "Karanta." Sai ta yi shiru tana duban takarda. Kafin ta ja numfashi sau biyu, malam ya ƙosa, ya faɗi farkon kalmar, ita kuwa ta ƙarasa, domin ta riga ta ji ta a aji. Ya faɗi farkon ta biyu, ta ƙarasa. Haka har ƙarshen shafi. Sa'an nan ya rubuta a littafinsa, "Ta iya." Mako talatin da shida aka yi ana haka.

Da shekara ta ƙare, aka shirya kai waɗanda suka iya karatu babbar makarantar gari. Can ba a ƙara koya wa kowa haruffa. Wanda ya shiga bai iya ba, a baya yake zama har ya gaji ya daina zuwa. Sunan Keziya ne na uku a takardar masu tafiya.

Kafin dattijuwar ta sa hannu, ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Keziya, ta buɗe shafin da ba a taɓa karantawa a aji ba, ta miƙa mata. Yarinyar ta yi shiru. Malam yana tsaye a gefe, nan da nan ya fara faɗin farkon kalmar.

Dattijuwar ta ce, "Malam, kai ne Keziya?"

Ya ce, "A'a, Mama, taimaka mata nake yi. Kunya gare ta."

Ta ce, "Kai dai na san ka iya karatu, shi ya sa na ɗauke ka. Ka rufe mana bakinka."

Aka yi shiru mai tsawo. Malam yana gyaran murya, yana sosa wuya, kamar wanda tururuwa ta shiga wa riga. Dattijuwar ta lura yarinyar ba takarda take kallo ba, bakin malam take kallo. Ta ce, "'Yata, me kike nema a bakin Malam? Karatun yana kan takarda."

Keziya ta fashe da kuka, ta ce, "Kaka, daga bakinsa yake fitowa. Ni idan na duba takarda, zane-zane kawai nake gani."

Malam ya ɗauko littafinsa da sauri, ya ce, "Mama, ga shi a rubuce, sau talatin da shida ta iya!"

Ta duba, ta ce, "Na gani. Sau talatin da shida ka gwada kanka, ka ci." Ta ɗauki biro ta soke sunan Keziya daga takardar. Ta ce, "Gara ta zauna a nan da ta je can ta ɓace. Ka ci mata shekara guda. Ran Talata za ku fara daga harafin farko, kuma in ka yi tambaya, ka ƙirga hamsin a ranka kafin ka sake buɗe baki."

Ranar tafiya, Keziya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙawayenta suna wucewa da sababbin riguna, ita kuwa ta koma aji tare da ƙannensu.

Ga ma'anar misalin, kuma ina roƙo a ji ta da kyau, domin na gaji da maimaita ta. Dattijuwar ita ce ikkilisiya da iyayen da suka ba mu amanar 'ya'yansu. Bencin shi ne ɗan lokacin da muka keɓe domin kowane yaro shi kaɗai. Malamin kuwa mu ne. Ba mugu ba ne, bai taɓa fashin zama ba, bai doki kowa ba. Laifinsa shi ne ya fi son jin amsa daidai fiye da sanin yarinyar da ke gabansa.

Ba da ka nake wannan magana ba. Lahadi tara a jere na zauna a bayan azuzuwanmu na makarantar Lahadi, agogo a hannuna, ina rubutawa. Cikin malamanmu bakwai, biyar ba su taɓa yin jiran da ya kai daƙiƙa huɗu bayan sun yi tambaya ba. Na faɗa a taron malamai sau uku, kowa ya ce, "Gaskiya ne," Lahadi ta zagayo aka koma yadda ake. Yaro yana laluben amsa, mu cusa masa tamu, sa'an nan mu yaba masa a kan abin da bai faɗa ba. Iyaye ma haka: ku yi wa yaro aikin gida da hannunku, ku ce kun taimake shi.

Ubangiji ya san abin da ke zuciyarmu tun ba mu buɗe baki ba, duk da haka yana haƙuri mu faɗa da bakinmu, ko da muna i'ina. Mu su wa ne da za mu kasa jiran yaro minti ɗaya?

Saboda haka, a wannan mako, kowa ya zauna da yaro ɗaya, ya yi masa tambaya ɗaya, ya yi shiru. Shirun zai yi muku nauyi, ku jure. Idan yaron ya ɗaga kai ya ce, "Ban sani ba," kada ku ɓata rai. Ku gode wa Allah, gama a ranar ce kuka fara koya masa.