Kafinta da Teburin Maɗaci

Akwai wani kafinta a wani gari, mai ƙwazo ne, amma ba shi da haƙuri. Wata rana wata gwauruwa ta kawo masa katakon maɗaci, na itacen da marigayi mijinta ya shuka tun yana saurayi. Ta ce ya yi wa ikilisiya teburin Jibin Ubangiji da shi. Katakon kuwa shi ke nan, babu wani, in ya lalace ya lalace.

Kafinta ya haɗa tebur, ya shafa masa mai har sau uku, itace ya sha ya yi ja. Saura gogewa don ya yi sheƙi. Ga Lahadi ta matso, ga hannunsa ya gaji, sai ya tafi kasuwa neman injin goge katako.

Mai shagon, wani dattijo, ya fito masa da biyu. Ɗaya babba ne mai bel mai kaushi da yake kankare katako, in an kunna shi har maƙwabta sai sun leƙo. Ɗayan ƙarami ne, yana juyawa a hankali, ana manna masa soso mai laushi.

Dattijon ya ce, "Malam, katako mai kaushi za ka fere, ko mai za ka goge?"

Kafinta ya ce, "Mai ne, shekaranjiya na shafa."

"To, ka bar shi ya ƙara bushewa, sa'an nan ka bi shi da ƙaramin nan."

Kafinta ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan da yake karkarwa kamar kazar da ruwa ya doka? Shekara ashirin ina aikin nan, ba ni babban."

Dattijon ya ce, "Ƙarfinsa ne aibinsa. Amma tebur naka ne." Ya miƙa masa.

Da kafinta ya isa gida ya kunna, ya ɗora a tsakiyar tebur, ya danna. Kafin ya ɗaga hannu, man ya yi zafi ya cure kamar ƙaro, bel ya ci katako, ya bar kwari baƙi, tsawon tafin hannu. Kafinta ya kashe injin, ya tsaya yana kallo, gumi yana zubo masa.

Washegari gwauruwar ta zo duba aiki. Ta sa yatsa a cikin kwarin. Sai ta ce, "Ɗana, mijina ya jira itacen nan shekara arba'in. Kai kwana uku ne suka gagare ka?"

Kafinta ya koma ya karɓo ƙaramin. Ya jira man ya bushe, ya bi teburin sannu a hankali, ko'ina ya yi sheƙi. Amma kwarin bai cike ba. Ana rufe shi da farin ƙyalle ran Jibi, duk da haka kafintan ya san inda yake.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Katakon 'ya'yanmu ne, Allah ne ya ba mu amana, kowanne kuma shi kaɗai ne. Man shi ne maganar Allah da muke shafa musu kullum, ba ta shiga rana ɗaya. Babban injin kuwa tsawa ce da baƙar magana. Ni uwa ce, na san abin da yake sa mu ɗauke shi: tsoro. Muna ganin duniya ta lalace, muna so yaro ya gyaru yau yau. Akwai ranar horo mai ƙarfi, ban ce babu ba, amma ba kullum ba ce. Ni kaina na taɓa ce wa babbar 'yata ba za ta yi amfani ba, a kan tukunyar da ta ƙone. Yau tana da 'ya'ya biyu, na roƙi gafararta, ta kuwa gafarta, amma har yanzu ba ta girki in ina tsaye a kanta. Saboda haka in za ku buɗe baki a kan yaro, ku fara duba abin da yake gabanku, ku roƙi Ubangiji ya sassauta muku hannu.