Mai Zuma da Ƙarar Gatari

Akwai wani mutum mai kiwon zuma da yake zaune a wani ƙauye a bakin kurmi. Amya arba'in ya gada daga mahaifinsa, ya rataya su a kan ɗorawa da kaɗanya, da su yake ciyar da iyalinsa.

Ana nan sai amyoyin suka fara sauƙi, zuman cikinsu ya ragu. Tsuntsayen da suka saba cika kurmin da kuka suka ragu. Wata safiya ya bi gefen gonar maƙwabcinsa, ya tarar da ƙudan zuma zube a ƙasa, matattu, gama an yi wa wake feshi yana cikin fure.

Ya ce wa manomin, “Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da feshin nan har fure ya zube.”

Manomin ya ce, “In bari tsutsa ta cinye mini wake? Je ka sami mai gawayi, shi ne yake ƙarar da itatuwa.”

Da ya sami mai gawayi, sai shi kuma ya ce, “Yarana bakwai, maƙwabci. Kai fa? Ba kai kake cusa wuta cikin amya, ka ƙone ƙudan, ka kwashe zuman kaf ba?”

Mai zuma ya sunkuyar da kai, domin gaskiya ce. Ya kai kukansa wurin mai gari, mai gari kuwa ya tara su duka ukun. Suka ɗauki alkawari: manomi ba zai yi feshi lokacin fure ba, mai gawayi ba zai sari ɗanyen itace ba, mai zuma zai riƙa amfani da hayaƙi kawai, ya kuma bar wa ƙudan rabonsu. Suka yi musafaha, kowa ya koma gida yana sa wa ɗan'uwansa ido.

Da lokacin ɗiban zuma ya yi, mai zuma ya shiga kurmi, sai ya jiyo ƙarar gatari daga nesa. Zuciyarsa ta ɓaci. Ya ce a ransa, “Ashe ni kaɗai ne wawa.” Bai je ya duba ba. Ya kunna wuta, ya ƙone ƙudan, ya kwashe zuman duka.

Alhali kuwa busasshen itace ne mai gawayi yake sara, wanda iska ta kayar. A hanyarsa ta komawa gida ya ga amyoyin sun yi baƙi ƙirin. Kashegari ya kayar da ɗorawa biyu. Manomi ya ga kututtura, shi ma ya ɗauki abin feshinsa. Mai gari ya ji labari, ya ce ya gaji da shari'ar mutanen da ba su jin magana.

Bayan shekara uku manomin ya zo ƙofar gidan mai zuma, idonsa ya faɗa. Ya ce, “Kabewata tana fure, amma ba ta 'ya'ya, gama babu ƙudan da za su bi furen. Don Allah ka ara mini amya ɗaya in rataya a gona.”

Mai zuma ya kai shi gindin ɗorawar da ta rage, ya hau, ya sauko da amyarsa ta ƙarshe, ya buɗe. Babu kome a ciki sai yanar gizo. Suka zauna a ƙasa su biyu.

Ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Kurmin nan shi ne halittar da Ubangiji ya danƙa mana amana, daga ƙudan zuma har manyan itatuwa. Mutanen nan kuwa mu ne: manoma, 'yan kasuwa, masu mulki, har da mu da muke zaune cikin majami'a yau. Babu ɗayansu da zai iya ceton kurmin shi kaɗai, sun kuma san haka. Abin da ya kashe shi shi ne kowa ya rataya amincinsa a kan na ɗan'uwansa, har ƙarar gatari ɗaya ta isa ta rushe alkawarinsu. Mai zuma ya yi nadama, amma nadama ba ta dawo da ƙuda ko ɗaya ba. Allah yana gafarta wa mai tuba, amma halittar da muka shafe daga ƙasa, ba mu da ikon sake yin ta.

In kun koma gida, ku roƙi kakanninku su lissafta muku tsuntsayen da suka sani suna yara. Sa'an nan ku fita ku neme su.