Mai Gyaran Kwamfuta da Hatiminsa

An yi wani mutum a Makarfi, mai shagon gyaran kwamfuta. Allah ya ba shi hannu. Daga Ikara har Kudan, kowa wurinsa yake kawo na'ura.

Ya 'yan uwa, kowace kwamfuta tana da jerin hatimai da ta amince da su. Duk abin da ya zo da ɗayansu, sai ta karɓa ba tambaya. Mutumin nan ya ƙera nasa hatimin. Idan an kawo gyara, sai ya dasa shi cikin jerin, ya karkata hanyar intanet ta riƙa bi ta na'urarsa. Allo zai tambaya, "Ka yarda?" Sai ya ce wa mai kwamfuta, "Danna, tsaro ne." Daga ranar, wasiƙunka a buɗe suke gabansa.

Bai saci ko kwabo ba. Asirin mutane yake sha'awa. Liman ya ji ƙishin-ƙishin, ya kira shi ya yi masa nasiha. Mai gyaran ya ce, "Malam, ban fasa ƙofar kowa ba. Da yatsunsu suka danna."

To, akwai Malama Mukarrama, mai kula da wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kudan. Ita ma wurin mutumin nan ta kai kwamfutar asibitin gyara. Ta kwamfutar aka aiko mata da sakamakon gwajin wani manomi, Maiwada, mutumin Nasarawan Doya. Kafin ta gaya masa, maganar cutarsa ta zaga kasuwa. Mutane suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Danginsa suka zo asibiti suna zaginta.

Ta san ba ta faɗa wa kowa ba. Ta kai kwamfutar Zariya, masana suka duba, suka ga baƙon hatimi. Sunan wa ke jiki? Sunan shagon mai gyaran nan. Girman kai ya hana shi ɓoyewa.

Ta same shi a shago, gaban jama'a. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, yi a hankali. Naki asiran ma suna hannuna."

Ta ce, "Fito da su. Karanta wa kowa, ina tsaye. Nawa ni zan ɗauka. Na marar lafiya kuwa, wallahi sai ka amsa shi."

Ba ta tsaya ba sai ofishin 'yan sanda. Aka kwashe na'urorinsa, aka tarar da asirin gidaje fiye da ɗari. Har na ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsa ya ƙi zuwa beli. Alƙali ya ɗaure shi, aka rufe shagon. Da ya fito, ko cajin waya ba mai ba shi. Ya bar garin, ba wanda ya raka shi tasha.

An aiko mini cewa in bar maganar nan, wai danginsa manya ne. Ba zan bari ba. Wa ya rufa wa Maiwada asiri? Har yau bawan Allah nan bai koma kasuwa ba.

Ya 'yan uwa, ilimi amana ne. Wanda ya miƙa maka wayarsa, ɗakinsa ya buɗe maka. Allah ya hana mu bin diddigin juna, kuma jahilcin ɗan uwanka bai halatta maka haƙƙinsa ba. Kai kuma mai na'ura, kada ka ce "na yarda" sai ka san wa ka yarda da shi.

Allah ya ba Maiwada lafiya. Allah ya kiyaye mu daga cin amana, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.