Kwalbar Dusa

Akwai wani dattijo da ake kira Mai Famfo, don da wuya ka gan shi ba famfon feshi goye a bayansa. Rumfunan leda biyu gare shi, babba da ƙarama, inda yake noman kokwamba. A wurinsa duk abin da ya motsa a kan ganye abokin gaba ne.

Feshin nan ne ya ci masa ƙirji. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in ya sake shaƙar maganin ƙwari, huhunsa ba zai ɗauka ba.

Ana nan sai wasu jajayen ƙwari suka shiga rumfunan, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙumar kaji. Su laɓe a bayan ganye su tsotse shi har ya koma rawaya.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, aikin gona ta karanta. Ta ɗauke famfon ta kulle a sito, ta kawo kwalabe cike da wani abu kamar dusa. Ta ce a cikin dusar akwai ƙwari mafarauta, ba ruwansu da ganye, jajayen nan da ƙwansu ne abincinsu. Sharaɗi ɗaya ne: ba feshi, domin su magani zai fara kashewa. Sai an yi haƙuri na 'yan makonni.

Mai Famfo ya jijjiga kwalbar, ya taɓe baki.

"Uwata, dusa aka sayar miki. Da kin ba akuya."

Ta miƙo masa ɗan madubin da ke ƙara girman abu, ta ce ya duba da idonsa. Ya ture hannunta, wai tun ba a haife ta ba yake kashe ƙwari, ba a tsufansa zai fara kiwonsu ba.

Ta barbaɗa dusar a kan ganye, layi-layi. Kwanaki suka shige, rawayar ba ta tafi ba. Ita tana ganin canji ta madubi, shi ba ya ganin komai. Abokansa kuma suka sa shi gaba da zolaya, kullum sai sun tambaye shi ya garken ƙwarinsa, sun haihu kuwa? Wannan ta fi tarin da ke damunsa ci masa rai.

Ranar da Uwata ta tafi kai kaya kasuwa, ya ɓalle kwaɗon sito ya ɗauko famfon. Ya ninka maganin. Don kada wari ya fita ya tona masa asiri, ya sauke labulen babbar rumfar ya rufe ƙofa, rana tsaka, ga zafi kamar cikin tukunya. Ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba.

Da ta dawo, a tsakanin layukan ta same shi kwance, famfon na danne da shi, bakinsa na kumfa.

Ya rayu, amma numfashinsa bai dawo daidai ba. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki sai ya tsaya ya huta. Mutumin da ke yini a tsaye ya koma sai an kama shi.

Babbar rumfar kuwa, feshin ya shafe mafarautan kaf. Jajayen sun daɗe da sabawa da maganin, ƙwansu ya ƙyanƙyashe, ba mai cin su. Suka lulluɓe shukar da yana, ta bushe a tsaye. Uwata ta tuge ta duka ta ƙone, tana yi tana share hawaye.

Ba ta taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba. Wata safiya dai ta shigo da ganye ɗaya kore shar, ta ajiye a cinyarsa tare da madubin.

"Daga ƙaramar ne, Baba. Ba ka kai can ba ka faɗi."

Wannan karon ya karɓa. Ya kara madubin a ido. Ga wani ɗan abu yana sauri a bayan ganyen, ya cafke ja guda, ya wuce neman wani. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe suna aiki," in ji shi. Tari ya sarƙe shi, bai iya ƙarasawa ba.

Ƙaramar rumfar ta yi 'ya'ya sosai a shekarar. Mai Famfo bai sake taka ƙofarta ba, sai dai a tsinko a kawo masa ɗaki.

Darasi: Rashin ganin aiki da idonka ba ya nufin ba a yin sa. Kafin ka rusa abin da wani ya gina don ceton ka, daure ka karɓi madubin ka duba, ko da ɗan cikinka ne ya miƙo. Ku tura wa duk wanda gaggawa da girman kai ke neman kai shi ƙasa.