Mutumin da Ya Ce a Fara Daga Sababbi

Akwai wani mutum magidanci a wani ƙaramin gari, yana da gona, yana da iyali, yana kuma da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke ce wa laftof. Ƙaninsa ne ya aiko masa da ita daga birni. Da yake shi kaɗai ke da irinta a ikilisiyarsu, sai dattawa suka ɗora masa aikin ajiye abubuwan taro, wato hotunan baftisma da wa'azin baƙi da waƙoƙin zumuntar mata. Ya karɓa hannu bibbiyu, don mutum ne mai son a nuna shi a ce shi ne.

Ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar nan irin ta da ce, wadda ke da faifai a ciki yana juyawa. Ciki gare ta, giga dubu guda take ɗauka, amma akwai ta da nawa wajen buɗe abu. Shi kuwa mutumin nan bai san a goge abu ba. Hoton babur ɗinsa daga gaba, daga baya, daga gefe, har guda goma sha ɗaya, kuma babur ɗin ɗaya ne. Wasan ƙwallon da aka buga shekara huɗu da suka wuce, wanda ya san wa ya ci, yana ciki. Duk abin da aka turo masa a waya, ko na dariya ko na tsegumi, sai ya juye a kwamfuta ya ce wata rana zai yi amfani. Haka ya yi ta zubawa har ta cika maƙil.

Mutumin yana da gwaggo, yayar mahaifinsa, sunanta Kande. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ita ta yi masa aure. Ta haura shekara tamanin. Gwaggo Kande tana da wata waƙa a cikin yarensu, wadda masu bi na farko a garin suka shirya tun suna yin sujada a gindin ɗorawa. Baiti goma sha biyu ce, kuma duk garin ita kaɗai ta rage mai riƙe da ita daga farko har ƙarshe.

Wata rana ta kira matan zumunta ta ce musu, "Ranar da za ku kai ni, ba na son dogon wa'azi. Waƙar nan za ku yi mini, dukanta."

Sai matan suka fara zuwa gidanta kowace Laraba da yamma suna koyo. Tsohon yare ne, kalmominsa sun yi wa harshensu nauyi, wata biyu suka yi kafin su riƙe baiti biyu. Amma suna tafiya, kuma tsohuwa tana jin daɗin zuwansu. Ana nan sai ga mutuminmu ya iso da kwamfuta a hammata. Ya zaunar da gwaggonsa, ta rera waƙar duka da 'yar muryarta mai rawa, ya ɗauka. Sa'an nan ya juya wurin shugabar zumunta, wata mata mai suna Damaris, ya ce, "Mama, ku huta da wahalar nan. Tana cikin kwamfuta."

Suka kuwa huta. Abin da ke ba ni haushi ke nan, jama'a. Mata ashirin da lafiyayyun kunnuwa, ga mai waƙa da ranta a gabansu, suka tattara tabarminsu suka koma gida domin an ce musu abu yana cikin kwamfuta. Ranar Laraba ta zama kamar kowace rana, Gwaggo Kande ta koma zama ita kaɗai a ƙofar ɗaki.

Bayan shekara biyu aka yi babban baƙo a majami'a, aka ce mutumin nan ya nuna hotunan ginin da ikilisiya ke yi. Ya danna kwamfuta. Ta yi ƙugi, wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa. Fasto ya ce bari a yi waƙa ɗaya kafin ta shirya. Aka yi waƙa, zobe yana juyawa. Aka yi sanarwa, aka gai da baƙi, har aka yi wa marasa lafiya addu'a, zobe bai fasa juyawa ba. Wata tsohuwa a benci na gaba ta ce a fili, ko a kai ta asibiti ne ita ma. Majami'a ta kwashe da dariya. Mutumin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ranar kasuwa ya hau mota zuwa babban gari, wurin wani mai gyara da ake kira Kefas. Kefas ya buɗe, ya duba, ya ce, "Baba, ma'ajiya iri biyu ce. Taka kamar rumbu take, tana cin kaya da yawa, amma sai an hau an tona kafin a fito da abu. Akwai wata, Es-Es-Di muke ce mata, ba faifai a cikinta, ba abin da ke juyawa. Kafin ka ɗauke yatsa ta buɗe. Sai dai wadda nake da ita ƙarama ce, kashi ɗaya cikin huɗu na kayanka kaɗai za ta ɗauka."

Mutumin ya ce, "Mai saurin nake so."

Kefas ya ce, "To, zauna mu zaɓi abin da zan kwashe. Awa ɗaya ya ishe mu."

Awa ɗaya fa. Mutumin da kan yi awa uku a gindin mangwaro yana musu a kan ƙwallo, shi ne ya duba agogo ya ce motar garinsu ƙarfe huɗu take tashi, kuma yana da sauran zagaye a kasuwa. Ya ce, "Ɗana, kada ka wahalar da ni. Fara daga sababbi, ka yi ta zubawa, inda ta cika ka tsaya."

Kefas ya ce, "Baba, ba a yin haka. In ba za ka zauna ba, bari in sa maka tsohuwar a ɗan akwati, ka riƙa haɗa ta da waya in kana neman tsohon abu. Ka ga kana da mai sauri a ciki, kana da mai ciki a gefe."

Mutumin ya ce shi ba zai riƙa yawo da tarkace biyu ba, wadda ta kunyata shi a gaban baƙo ba ya ko son ganinta. Kefas ya ce zai ajiye ta har ƙarshen wata, in bai zo ba zai goge ya sa wa wani. Mutumin ya ce ya ji. Ya tafi ya sayi tsire da igiyar akuya, ya dawo ya ɗauki kwamfutarsa.

Gaskiya Kefas ya faɗa, kwamfuta ta zama wata aba dabam. Mutumin ya riƙa buɗe ta a gaban mutane ba dalili, don dai su ga sauri. Kefas ya kira shi a waya ƙarshen wata, mutumin ya ce yana zuwa. Kefas ya sake kira, mutumin ya ce damina ce, aiki ya yi yawa. Ya kira na uku, bai ma ɗauka ba.

Da kaka ta yi, Gwaggo Kande ta kwanta kwana uku, ta huta.

Ranar jana'iza majami'a ta cika har waje. Matan zumunta suka sha zanensu iri ɗaya, suka jera da tulunan kiɗa da caki. Fasto ya taƙaita wa'azi yadda marigayiya ta roƙa, sa'an nan ya ce yanzu za a ji muryar Mama da kanta, mata kuma su bi ta baiti baiti. Kuna tsammani mutumin nan ya duba kwamfutar da safe ya tabbata? Bai duba ba. Ya goge mata ƙura dai, ya sa babbar riga.

Ya fito gaba, ya haɗa ta da lasifika, ya danna. Nan take ta buɗe. Har ya ɗan waiga ya dubi jama'a, a ranar makokin gwaggonsa, ko sun lura da saurin. Sa'an nan ya nemi waƙar.

Ba ta nan. Ya hau sama ya sauko ƙasa, ya buɗe wannan ya buɗe wancan, kowanne yana buɗewa kamar ƙiftawar ido. Ga sabon babur daga gaba, ga sabon babur daga baya. Ga ƙwallon bara. Ga bidiyon wani mutum da ya faɗi a kan keke. Waƙar kuwa shekara biyu da ɗauka, tana can cikin tsofaffi, kuma ma'ajiya ta cika tun ba a kai gare ta ba.

Zufa ta karyo masa. Ya fita ta ƙofar gefe ya kira Kefas. Kefas ya ce, "Baba, sannu da rashi. Sau uku na kira ka. Wata huɗu na ajiye ta, ba wata ɗaya ba. Na goge ta na sa wa wata malamar makaranta."

Ya dawo ya tsaya a gaban akwatin gawa. Damaris ta dube shi ta gane. Ta ɗaga hannu, masu tulu suka fara kaɗawa, mata suka ɗauki baiti na fari. Suka yi na biyu. Da suka kai inda na uku zai shiga, kowace ta dubi 'yar'uwarta. Tulu ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, yana jiran murya, sa'an nan shi ma ya tsaya. Damaris ta share hawaye da bakin ɗankwalinta, ta ce masa a hankali, "Ɗan'uwa, ka ce mu huta. Mun huta."

Da baiti biyu aka kai Gwaggo Kande. Sauran goman sun bi ta.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kuma ina roƙon waɗanda ke danna waya a benci na baya su ɗago kai, don da ku nake.

Kada kowa ya fita nan ya ce malamin makarantar Lahadi ya hana sayen ma'ajiya mai sauri. Ban hana ba, ni ma ita ce a tawa. Mai faifai ba ta yi laifi ba, an ba ta waƙa ta riƙe shekara biyu ba ta zubar ba. Mai sauri ma ba ta yi laifi ba, abin da aka zuba mata shi ta fito da shi. Kowace da abin da ta iya da abin da ba ta iya ba, kuma mai gyara ya faɗa masa haka ƙarara. Laifin na mutumin ne, wanda sau biyu ya ƙi zama ya zaɓa. Da yake da babban wuri, ya tara kome har abu mai daraja ya nutse a cikin shirme. Da ya koma ƙaramin wuri, ya bar wa sabon abu ya zaɓar masa.

Ma'ajiya mai faifai ita ce rayuwar da ta tara kome ba ta yar da kome. Akwai mu a nan da ke riƙe da maganar da suruka ta faɗa tun ranar suna, yaron kuwa har ya gama sakandare. Kun cika zuciya da irin waɗannan, shi ya sa in an ce a yi addu'a ko a yafe wa wani sai ku yi ta juyawa wuri ɗaya kamar zoben nan.

Ma'ajiya mai sauri kuwa ita ce yininka na yau. Yana gudu, amma ƙarami ne, ba zai ɗauki duk abin da kake so ba. Dole wani abu ya shiga, wani ya tsaya a waje. In ba ka zauna ka ce wannan ne na fari ba, to, ka riga ka ce a fara daga sababbi. Saƙon da ya shigo yanzu zai shiga. Labarin da ake yayi zai shiga. Maganar Allah, da addu'ar iyali, da tsohuwar da ta goye ka, da yake sun daɗe tare da kai, su za a bari a baya, kana cewa ai suna nan. Ubangiji kuma mai haƙuri ne, yakan kira sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yakan ƙara wa'adi fiye da yadda ya kamace mu. Amma kada ka mai da haƙurinsa wurin ajiyar abin da ka ƙi ɗauka.

Ku kuma matan zumunta, kada ku yi murmushi kuna cewa yau an kama maza. Abin da ya kamata ya zauna a bakinku da zuciyarku, kun yarda an ajiye muku shi a jakar wani. Bangaskiya ba ta zama a jakar fasto, ba ta zama a wayarka. Abin da ka riƙe a ka shi kaɗai za ka iya rerawa a bakin kabari.

Na gaji da binne tsofaffi muna cewa da mun sani da mun tambaye su. Ga uku nan a benci na gaba suna ji na. Kafin ku ruga gida cin shinkafa, wani ya tsaya ya tambaye su ranar da zai zo. Awa ɗaya Kefas ya roƙa, ni ma ita nake roƙo.

Mutumin nan yana nan da kwamfutarsa har yau. Tana buɗewa da sauri ƙwarai, sai dai ya daina buɗe ta a gaban mutane.