Layin da Malam Ya Tsallake

Akwai wani saurayi mutumin Janfalan ta ƙasar Ikara, sunansa Uwaisu. Abin ya faru ne 'yan shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, lokacin da in aka ce ɗan ƙauye ya shiga jami'a, har daga ƙauyukan maƙwabta ake zuwa ganinsa.

Mahaifinsa, Malam Muhammadu Auwalu, malamin zaure ne. Magidanta ke ɗaukar karatun littattafai a wurinsa in an taso daga gona. Boko bai taɓa kwanta masa a rai ba, amma bai hana ba. Ranar da Uwaisu zai hau lori zuwa jami'a a Zariya, ya kira shi zaure.

"Ban ce ka kawo min komai ba," in ji shi. "Abu ɗaya nake so. Ladabin da ka tafi da shi, ka dawo min da shi. Ran da na ji kana ja-in-ja da malaminka, ran nan karatun ya ƙare."

Uwaisu na durƙushe ya ce, "In sha Allahu, Malam."

A makarantun da ya yi a baya, wannan alƙawari bai taɓa ba shi wahala ba. Malami ya faɗa, ka rubuta, ka haddace, ka mayar masa da abinsa ran jarrabawa. A nan kam Uwaisu ba ya da na biyu.

To amma jami'a ta zo masa da wani sabon salo. Ban da babban aji, akwai ƙaramin zama da ake yi a ofishin malami. Ɗalibai kaɗan ne, kowa a kan kujera, malami ya jefo magana a yi ta musu a kanta. Abin da malami ya gani a wannan zaman yana cikin abin da ake dubawa kafin a bar ɗalibi ya wuce aji na gaba.

Malamin tarihinsu wani Bature ne, ɗalibai na ce masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Ba mugu ba ne. Halinsa dai shi ne ya faɗi magana a karkace da gangan, ya jingina da kujera, ya ga wanda zai tare shi.

Uwaisu kuwa tun daga ƙofa yake tuɓe takalmi. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka ba aro, ido a ƙasa. Duk abin da Mai Lofe ya faɗa, ko ya san ba haka ba ne, amsa ɗaya ce a bakinsa: haka ne.

Akwai wani ɗan ajinsu Tukur, ɗan birni, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ko ya karanta ko bai karanta ba. Shi ya laƙaba masa suna Malam Haka-ne. Ko a layin abinci sai ya ce, "Malam Haka-ne, yau da rana za a yi dare, ko?" A kwashe da dariya.

Da zangon karatu ya yi nisa, Mai Lofe ya tsayar da Uwaisu bayan an tashi. Ya ce masa rubutunsa ba laifi, amma bai taɓa jin tunaninsa ko sau ɗaya ba, har ya fara zargin ko hadda kawai yake yi. In abin bai canja ba kafin ƙarshen shekara, dole ya shaida wa hukuma cewa bai shirya wa jami'a ba.

Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? Godiya ya yi. Ya fita ya sa takalminsa, ya je ɗaki ya zauna a bakin gado yana kallon akwatinsa. In ya yi musu ya saɓa wa uba. In ya yi shiru an kore shi. Abin tausayi, ko mutum ɗaya bai gaya wa ba.

A jami'ar akwai wani ɗan ofis kusa da ɗakin cin abinci, na kula da ɗaliban da suka fito daga inda boko bai yi yawa ba. 'Yan ƙauyukan Zariya, 'yan kudancin lardi, 'yan matan da yawansu bai taka kara ya karya ba a lokacin, har da wani mai tafiya da sanda, duk nan ne wurinsu. Mai riƙe da ofishin wani dattijo ne mutumin Makarfi, Malam Ashafa.

Malam Ashafa ba ya zama jiran masu kuka. Ya san ɗan ƙauye zai yarda ya rame ya ƙare da ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis ya ce yana da damuwa. Saboda haka yawo yake yi. Ya leƙa masallaci, ya leƙa ɗakin abinci, ya ga wanda ya zauna shi kaɗai, ya ga wanda ya bar tuwo a kwano. A haka idonsa ya faɗa kan Uwaisu.

Ya ja shi ofis, ya shimfiɗa tabarma, ya haɗa shayi. Aka gaisa, aka tambayi gida da damina da mutanen Janfalan. Sai ya ɗan gwada shi.

"Na ji an ce ku mutanen Ikara ba ku iya noman dawa ba. Mu ke ciyar da ku."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kuma an ce duk Janfalan babu rijiya ko ɗaya."

"Haka ne."

Malam Ashafa ya ajiye kofi. "Ɗana, to da me kuke alwala?"

Uwaisu ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Daga nan bakinsa ya buɗe, ya faɗi maganar Mai Lofe, ya faɗi alƙawarin da ya yi wa mahaifinsa.

Wani ne da sai ya ce masa ya manta da maganar tsoho, zamani ya canja. Malam Ashafa bai ce haka ba. Ya san ko ya koya wa yaron nan musu da Turanci har ya fi Tukur, bakinsa ba zai buɗu ba muddin ƙullin da uba ya yi na nan. Wanda ya ƙulla shi zai kwance.

"Ran Asabar za mu je Janfalan," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, Malam zai ce na kai ƙararsa."

"Ba ƙara za mu kai ba. Tambaya za mu kai, ai malami ne."

Suka hau lori har Ikara, suka ƙarasa a kan keken aro, ta tsakiyar gonakin dawa da ta fara nuna. Sun isa bayan la'asar, zaure cike da masu ɗaukar karatu. Malam Ashafa, da furfurarsa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo. Aka kawo fura. Sai da aka natsa sannan ya zayyana abin da ke tafe da su, bai ƙara ba, bai rage ba.

"Allah gafarta Malam, ɗanka ya riƙe amanarka har tana neman raba shi da karatu. Ni ban san yadda zan yi ba, shi ya sa na zo."

 Malam Muhammadu ya jawo littafin da ake karantawa, ya buɗe babin rabon gado, babin da Uwaisu ya haddace tun kafin ya yi gemu. Ya ce masa ya matso kusa. Ya fara karantawa yana fassarawa, ɗalibai na bi.

Da ya zo layin da ke bayanin rabon uwa, sai ya tsallake shi, ya wuce gaba kamar babu shi.

Uwaisu ya ji.  Ya buɗe baki ya rufe, ya ƙara sunkuyar da kai. Malam ya kai ƙarshen babin, ya rufe littafi.

"Uwaisu, karatun ya yi daidai?"

"Haka ne, Malam."

"Ka ji na bar layi ko ba ka ji ba?"

Uwaisu ya ce, "Na ji."

"Ka ji, ka ƙyale ni." Malam ya nuna mutanen zaure. "Waɗannan gobe su za a kira rabon gado a ƙauyukansu. Da sun tashi a haka, wata uwa da ta binne ɗanta za a hana haƙƙinta, kuma da sunana. Wannan ne ladabin? Ko liman in ya yi tuntuɓe a karatu, na bayansa ke gyara masa, ba a ce ya yi rashin kunya."

Hawaye suka zubo wa Uwaisu.

Malam ya sassauta murya. "Rabin laifin nawa ne, na ba ka magana a dunƙule. Abin da na hana ka shi ne raini da ɗaga murya. Ban hana ka faɗin abin da ka sani ba. Ka je ka gaya wa Baturen nan abin da ke ranka, da muryar da kake gaishe ni da ita."

Ko da suka koma, Malam Ashafa bai sake shi haka ba. Kullum bayan la'asar yakan tara shi da wasu irinsa a kan tabarmar ofis, ya jefo magana a karkace, ya ce sai an musa masa za a sha shayi. Da farko muryoyi na rawa. Daga baya har sai ya ce su bar shi ya huta.

Ranar da abin ya faru a ofishin Mai Lofe, Baturen ya ce kasuwanci ne kaɗai ya gina tsofaffin biranen ƙasar nan, ya jingina yana jira. Tukur ya gyara zama zai fara. Sai aka ji wata murya ƙasa-ƙasa daga gefe, cikin Turanci mai tsabta:

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ban yarda ba."

Mai Lofe ya zare lofe daga baki. Uwaisu, ido a ƙasa, ya ce fatake ba sa zama inda babu hatsi, don haka manoma ne tushe. Aka yi ta bugawa har lokaci ya wuce. Kada ku zaci ya kayar da malamin. A wasu wurare Baturen ya nuna masa ya yi kuskure, shi kuma ya karɓa. Amma da za su fita, Mai Lofe ya miƙa masa hannu ya ce tun farkon shekara yake jiran wannan rana. Maganar kora ta mutu daga nan. Tukur ma, da ya ga sunan da ya laƙaba ya daina ba kowa dariya, shi da kansa ya bari.

Uwaisu ya gama karatu ya kama aikin koyarwa. Bayan shekaru ya zo hutu gida, ya tarar da Malam ya manyanta, yana kusanto da littafi dab da fuska. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum, ya zauna a cikin ɗalibai. Ana cikin karatu, Malam ya tsallake layi.

Uwaisu ya ɗan matsa, ya ce a hankali, "Allah gafarta Malam, akwai layi a sama."

Malam ya tsaya. Ya laluba da yatsa har ya samu wurin, ya karanta shi. Sannan ya ɗago ya juya wajen da muryar ta fito.

"Wancan karon da gangan na yi," in ji shi. "Wannan karon wallahi ban gani ba. Allah ya yi maka albarka. In ka koma ka gaishe min da mutumin Makarfin nan, ka ce masa ina yi masa addu'a."

Darasi: Ba duk mai shiru ne bai sani ba. Wani ɗalibin tarbiyyar gidansu ce ta ɗaure masa baki, kuma abin da yake buƙata shi ne wanda zai tambaye shi dalili kafin a yanke masa hukunci. Masu kula da ɗalibai, ku bi su inda suke, kada ku jira su zo, kuma kada ku raba su da iyayensu don a taimake su. Iyaye, ku fayyace wa 'ya'yanku cewa gyara cikin ladabi ba raini ba ne. Ku tura wannan labari ga wani malami ko ɗalibi da kuka sani, wataƙila akwai Uwaisu a ajinsu.